GWAMNA LUGGA: MAHARBIN DA YA KAFA WA NAMUN DAJI DOKA

Babu ɗan Arewa da ya shiga makaranta bai ji sunan Gwamna Lugga ba. An san shi da cin Kano da Sakkwato cikin 1903, an kuma san shi da haɗa Kudu da Arewa cikin 1914. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun kafin ya zama gwamna mutumin nan riƙaƙƙen maharbi ne, kuma a zamanin mulkinsa aka kafa dokar namun daji ta 1916, wadda ita ce kakar dokokin da ake kama mutum da su yau in an same shi da fatar damisa ko hauren giwa. Saboda haka 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, musamman masu sana'ar fatu da masu magani da ke kasa kaya a kasuwannin Ikko da Badun da Anaca, labarin nan ya shafe su.

An haifi Frederick Lugard ran 22 ga watan Janairu, 1858, a birnin Madaras na ƙasar Indiya. Ubansa limamin Kirista ne na soja, uwarsa kuwa 'yar mishan ce, ta rasu yana da shekara 7. Ya yi karatu a makarantar Rossall a Ingila, daga nan ya shiga makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst, ya fito hafsa cikin 1878. Ya halarci yaƙin Afganistan na 1879 zuwa 1880, da na Sudan cikin 1885, da na Bama cikin 1886. Mutum ne siriri, ba shi da cikar jiki, sai ƙaton gashin baki da zuciya mai tauri. A Indiya ya koyi farauta irin ta hafsoshin Ingila na lokacin, watau sukar aladen daji da mashi bisa doki da harbin damisar nan mai zane. A wurinsu farauta wasa ce ta manya, kuma ma'aunin jarumtakar namiji.

Wani baƙin ciki na soyayya ne ya raba shi da Indiya. Ya nufo Afirka cikin 1888 ba shi da kuɗi ba shi da aiki tsayayye, ya faɗa bakin Tafkin Niyasa, inda wani kamfanin Turawa yake yaƙi da Larabawa masu fataucin bayi a Karonga. A can harsashi ya ratsa hannayensa duka biyu da ƙirjinsa, amma da yake yana da sauran kwana ya tashi. Cikin 1890 kamfanin Ingila na Afirka ta Gabas ya tura shi Yuganda, ya yi shekara biyu yana yawo da ayarin ɗaruruwan 'yan dako. A irin wannan tafiya bindigar shugaban ayari ita ce rumbun abinci, in bai harbo nama ba mutanensa su kwana da yunwa. Hauren giwa kuwa shi ne kuɗin ƙasar, da shi kamfanoni suke mayar da abin da suka kashe. Lugga ya harbi namun daji iri-iri har da giwaye, ya kuma ba da labarinsu cikin littafinsa mai juzu'i biyu da aka buga cikin 1893.

A wannan tafiya ce ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Annobar bushiya ta shigo Afirka ta gabar Bahar Maliya wajen 1887, ta bi shanu tana kashewa, ta kuma haɗa da ɓauna da sauran namun daji masu kofato. Lugga ya ratsa ƙasashen da garkuna suka ƙare ƙaf, makiyaya suka koma bara. Ita ce annobar da ta iso ƙasar Hausa wajen 1891, har aka yi mata laƙabi da Sannu saboda yawan jajen da aka riƙa yi wa Fulani. Ya sāke cin karo da ita cikin 1896 sa'ad da ya ja wani ayari ta hamadar Kalahari, ya tarar da mushen shanu jibge a hanya. Tsakanin annoba da bindigogin Turawa masu neman haure, namun dajin da ake zaton ba su ƙarewa suka soma ƙaranci a idon kowa.

Shigowarsa ƙasarmu ta fari cikin 1894 ce, lokacin da Kamfanin Kwara na Sir George Goldie ya aike shi Bargu ya riga Faransawa ƙulla alkawari da Sarkin Nikki. Ya riga su da 'yan kwanaki, amma a hanyar komowa aka yi masa kwanto, kibiya ta same shi a ka. Cikin 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, sa'an nan ran 1 ga watan Janairu, 1900, aka ta da tutar Ingila a Lakwaja, ya zama Babban Kwamishinan Jihar Arewa.

To, a cikin shekarar nan ta 1900 wani taro ya zauna a Landan wanda ba a kira ko ɗan Afirka ɗaya ba. Ran 19 ga watan Mayu wakilan Ingila da Jamus da Faransa da Italiya da Fotugal da Sifen da Kwango ta Sarki Liyofol suka sa hannu a yarjejeniyar kiyaye namun daji da tsuntsaye da kifayen Afirka. Suka kasa dabbobi aji-aji. A aji na fari, wanda aka hana taɓawa sam, akwai raƙumin dawa da manyan birai masu kama da mutum, saboda ƙarancinsu, akwai kuma ungulu da mujiya da carki, saboda amfaninsu. Aka hana kashe 'ya'yan giwa da na dorina da na ɓauna, da matansu in suna tare da 'ya'ya. Aka ce duk hauren da bai kai kilo 5 ba a ƙwace shi. Aka ce a riƙa yankar lasin kafin a yi harbi, a keɓe gandun daji, a sa lokacin da ba a farauta don dabbobi su hayayyafa, a rage kamu da raga da haƙo, a kuma hana kashe kifi da nakiya ko guba.

Abin mamaki yana aji na ƙarshe. A nan aka jera dabbobin da aka ce mugaye ne, ana so a rage yawansu: zaki, damisa, kura, kyarkeci, gwaggon biri, kada, mesa da macizai masu dafi. Har aka ce a riƙa fasa ƙwan kada da na mesa. Watau ungulu da Bahaushe yake kira kazar mayu, da mujiya da tsuntsaye ba su son gani, su suka hau kujerar gaba, manyan dawa kuwa aka mai da shi ɗan iskan gari. Dalilin Turawa a fili yake: zaki da damisa suna cin dabbobin gida, suna kuma cin barewa da gwankin da Bature yake so ya harba da kansa. Yarjejeniyar ba ta taɓa zama doka tsakanin ƙasashe ba, don ba duka suka tabbatar da ita ba, amma Ingila ta ɗauke ta ta mai da ita tushen dokokin farauta na ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

Ba a Afirka kaɗai aka yi wannan tunani ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, daga 1907 har 1963 gwamnati tana biyan lada ga duk wanda ya kashe zakin dutse, wata dabba mai kama da damisa marar roɗi. Sai cikin 1990 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a aka hana farautarsa don wasa.

Shekara shida na fari Lugga bai sami sukunin kula da namun daji ba, yaƙi ya sa a gaba. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi cikin 1901, Bauci da Zazzau cikin 1902, Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, sa'an nan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Cikin 1906 sojansa suka ragargaje Satiru, aka hallaka mutane masu ɗimbin yawa, abin da har yau ba a wanke shi daga gare shi ba. Ana cikin haka ya auri Flora Shaw cikin 1902, 'yar jaridar nan da ta ba da shawarar sunan Nijeriya cikin 1897. Ba su haihu ba.

Ƙasar da ya ci ba ta rasa dokar daji ba. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Baka da Sarkin Dawa, su ke shugabantar maharba, su ke raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya kan nama. Farautar gayya aikin rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, damina kuwa kowa yana bakin garmarsa, daji ya huta, dabbobi su haihu. Maharbi na sosai ba ya harbin mai ciki, yana kuwa tsoron alhakin wasu namun dawa ƙwarai, shi ya sa ba kowa ke tunkarar su ba sai wanda ya gada ya kuma shirya. A wurare da yawa fatar zaki da ta damisa ba ta kwana gidan talaka, fada ake kai ta.

A kudancin Zazzau da ƙasar Jama'a abin ya fi haka ƙarfi. Wajen Kagoro da Katab da Kaje da Jaba da Marwa, farauta al'amari ne na gari duka, ba na mutum ɗaya ba. Kowane yanki ya san iyakar dajinsa, dattawa ke sa rana, ba mai shiga kafin a buɗe, a fita da kwari da baka da karnuka, a komo a raba bisa al'ada. Bikin Afan na Kagoro asalinsa ke nan: alamar an gama girbi, an tsarkake dutse, an buɗe farauta. Tun 1946, zamanin Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, ake yin sa ran 1 ga watan Janairu, kuma har yanzu maharba suna fitowa da shigarsu a filin. Mutanen duwatsun nan ba su miƙa wuya da sauƙi ba, tun daga 1905 sojan Lugga suka riƙa kai musu hari a kai a kai kafin su karɓi haraji.

Akwai kuma maganar makami. Tun cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi ittifaƙi a birnin Burasal cewa kada a sayar wa baƙar fata bindiga mai harsashi ta zamani a yawancin Afirka, sai dai bindigar toka mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka tun kafin a zo maganar lasin an riga an raba maharba gida biyu. Bature yana da bindigar da ke kayar da toron giwa daga nesa, ɗan ƙasa kuwa yana da adaka da kibiya mai dafi da burtu a goshi.

Lugga ya bar Arewa cikin 1906, ya yi gwamnan Hankon daga 1907 zuwa 1912, inda ya kafa jami'a. Ya komo cikin 1912 da umurnin haɗa ƙasar, ya zama Gwamna Janar ran 1 ga watan Janairu, 1914. Daga nan ya shiga aikin da ya fi so, watau rubuta doka. Mutum ne mai kwana a tebur, ba ya yarda wa kowa ko da ƙaramar takarda. Dokokin Kudu da na Arewa aka bi su ɗaya ɗaya ana haɗewa, cikin 1916 aka fito da dokar gandun daji, aka kuma fito da dokar kiyaye namun daji ta ƙasa baki ɗaya. Ta bi sawun yarjejeniyar Landan: jerin dabbobin da aka tsare, da lasin, da hukunci ga wanda ya ƙetare.

Kada a rage wa dokar nan haƙƙinta. Lugga ya ga yadda cinikin haure ya share giwaye a wasu sassan Afirka, kuma al'adar gari ba ta iya tsai da baƙon da ya zo da bindiga da kuɗi, sai hukuma. Ta wannan fuska dokar ta zo a kan kari. Amma ta zo da illa guda wadda ba a warke daga gare ta ba. Ikon daji ya tashi daga hannun Sarkin Baka da dattawan gari ya koma ofis, aka rubuta shi da Turanci cikin littafin da maharbi bai taɓa gani ba. Ga shi kuwa ma'aikatan da za su tsare dokar ba su taka kara sun karya ba, Di'o ɗaya yana riƙe da ƙasar da sai a yi kwanaki ana ratsa ta bisa doki. Sai aka wayi gari dokar gargajiya ta yi rauni, ta Bature kuma ba ta iso ƙauye ba. Mutane suka ɗauka namun daji na gwamnati ne, kayan gwamnati kuwa kowa ya san yadda ake yi da shi.

Wasu ayyukan Lugga ma sun fi dokar tasiri a kan daji. Shi ya zaɓi Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, aka taso daga Zungeru cikin 1917. An ce daga kadunan kogin garin ya sami sunansa, ga shi kuwa kada yana cikin jerin mugayen da Landan ta ce a rage. Shi ne kuma ya sa aka kafa Fatakwal aka soma jan hanyar jirgin ƙasa ta gabas saboda kwal ɗin Inugu. Bayan tafiyarsa hanyar ta haura Binuwai ta iso Kafanchan, reshen Jos ya buɗe cikin 1927, wurin da dā ƙauye ne ya zama babbar mahaɗa, har Sarkin Jama'a ya komo nan cikin 1933. Jirgi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, aka sare itace, aka faɗaɗa gonaki, nama da fata suka sami hanyar zuwa kasuwa mai nisa. Abin da ya kori manyan namun daji daga ƙasar ke nan fiye da kibiyar kowane maharbi.

Lugga ya aje aiki cikin 1919. Ya zauna a ƙauyen Abinger a Ingila, ya buga shahararren littafinsa na mulkin mallaka cikin 1922, ya yi shekara 13 yana wakiltar Ingila a kwamitin Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani mai duba ƙasashen amana. Cikin 1928 aka ba shi sarautar Lord, matarsa ta rasu cikin 1929. Yana raye aka sāke taro a Landan cikin 1933, aka yi sabuwar yarjejeniya wadda ta yar da jerin mugayen dabbobi, ta mai da hankali ga keɓe manyan gandaye. Ya mutu ran 11 ga watan Afrilu, 1945, yana da shekara 87.

Sai da aka yi shekara 40 da kafa dokarsa kafin a keɓe gandun namun daji na fari a Nijeriya, watau Yankari ta ƙasar Bauci cikin 1956, aka buɗe wa jama'a cikin 1962. Gwamnatin Sardauna ta yi wa Jihar Arewa tata dokar namun daji cikin 1963. Cikin 1979 dajin Bargu, inda aka harbi Lugga da kibiya, ya shiga cikin gandun ƙasa na Tafkin Kainji. Sa'an nan cikin 1985, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, aka kafa doka mai lamba 11, wadda ta sa zaki da damisa cikin dabbobin da aka haramta farautarsu da cinikinsu, aka kuma ƙara tararta ƙwarai cikin 2016. Dabbar da aka ce a rage cikin 1900 ita ake lallashi ta rayu yanzu.

Sai dai gyaran ya zo a makare. Wani bincike da aka buga cikin 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuwa wuri biyu kaɗai aka same su, Kainji da Yankari. Raƙumin dawa ya ƙaura daga dazuzzukan da aka san shi a ƙasar Hausa, irin namu na yamma sai a Jamhuriyar Nijar, akasarinsu a Kure, inda suka ragu har 49 cikin 1996, suka kuma farfaɗo suka haura 600 da aka jawo manoman wurin cikin aikin tsaronsu. Ungulu ma da ta sami kujerar gaba ba ta tsira ba. Duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda take cika wurin dā, yau kuwa sai a yi wata ba a ga ɗaya ba, cinikin kanta da gashinta don magani yana cikin abin da ya jawo haka, har cikin 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

Wannan shi ne gadon da Gwamna Lugga ya bari a daji. Ya san namun dawa sanin maharbi, ya kuma gane za su iya ƙarewa tun mutane da yawa ba su gane ba. Amma ya yi musu doka ba tare da ya tambayi masu dajin ba, kamar yadda ya yi wa ƙasar kanta. Labarin raƙuman Kure ya isa misali, dokar daji ba ta kama ƙasa sai mutanen wurin sun ɗauke ta tasu, irin yadda dattawan Kagoro suke riƙe da ranar buɗe farauta.

Abin da ya rage ga mai karatu ɗan kasuwa shi ne ya san inda doka ta tsaya yau. Ba maharbi kaɗai take nema ba, har da wanda ya saya, da wanda ya ɗauko a mota, da wanda ya kasa a kasuwa. Fatar damisa ɗaya ko ɗan guntun haure yana iya cinye jarin shekara goma, ban da zaman kurkuku a garin da mutum ba shi da kowa. Gardawa masu yawo da kura da mesa su ma su yi hattara. Wanda kuma ya je gida hutun Kirsimeti ko na Salla ya tarar ana shirin cinna wa daji wuta saboda 'yan ɓeraye da gafiya, ya tuna jikokinsa na iya tashi ba su san gada ba sai a hoton littafi. Allah ya sa mu gane, amin.